Mahaƙin da Ya Nemo wa Kufai Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffana, yayan mahaifina, ya rasu ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar yankan gero. Kafin azahar labari ya kai Zango, ya kai Daura, ya tsallaka iyaka. Ni daga makarantar da nake koyarwa aka ɗauko ni, ko allin hannuna ban wanke ba.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin ƙauyenmu, Unguwar Mahaƙa, ya cika kamar kwanaki ukun nan ba. Babura suka jeru a gindin tsamiya. Mutanen da suka tashi tun da daɗewa suka dawo, tare da 'ya'yansu da ba su taɓa taka garin ba. In mutum ya gama gaisuwa sai ka ga ya sulale, ya bi lungu yana neman gidan ubansa. Da yawa sun yi zaton tarin ƙasa za su tarar. Sai suka ga ɗakuna da rufinsu, an yaɓe bango, an ɗaure ƙyaure da igiya. Wata mata ta zauna a bakin ɗakin da aka haife ta, ta yi kukan da ba ta yi a wajen gaisuwa ba.

Gwaggo, ƙanwarsa da ta riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, ba ta zubar da hawaye ba. Duk wadda ta shigo sai ta miƙa mata moɗa ta ce, "Sha ruwa tukuna." Arɗon Fulanin da ke rugar arewa da mu ya zo da mutanensa a ƙasa, ya tsuguna gaban mahaifina. Da ya buɗe baki bai ce Allah ya ba ku haƙuri ba, cewa ya yi, "Allah ya ba mu haƙuri." Rana ta biyu wata tsohuwa ta iso daga wani ƙauye na wajen Baure da buta a hannu. Ta ce ruwan rijiyar garinsu ne, shi ya haƙa ta tun tana amarya, a ba maza su yayyafa wa kabarinsa. Wani mutum kuma ya zo da farar mota, ya cire takalmansa tun daga nesa, ya tako ƙasa mai zafi har bakin tabarma. Ba wanda ya gane shi sai ni. Injiniyan da ya yi mana aikin ruwa ne.

A cikin wannan taro na ji wani saurayi, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka tashi, yana tambayar ɗan'uwansa, "Wai shi tsohon mene ne aikinsa?" Ɗayan ya ce, "Mai gadin famfo ne." Ban ga laifinsu ba, haka suka tarar da shi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Haƙar rijiya gadon gidanmu ce, daga ita garin ya samo suna, kuma Baffa ne na ƙarshe da ya riƙe ta. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar busasshiyar fata. Ba ya son takalmi. Yana cewa takalmi na toshe wa mutum kunne. In aka kira shi wani gari, sai ya yi kwana biyu yana zagaye bai ko ɗauki dagin haƙa ba. Ya duba inda gawo ya yi ƙiba, inda kanya ta tsaya, inda gara ta gina suri da danyar ƙasa a tsakiyar rani. Ya ɗebi ƙasa ya murza, ya sansana, wani lokaci ya ɗora a harshe. Sa'an nan ya zana da'ira da yatsan ƙafa ya ce, "Bismillah, a nan." Daga ƙasar Zango har Mai'aduwa, har tsallaken iyaka, ba a taɓa jin ya zana da'ira an tarar da ƙasa busasshiya ba.

"Uwata" yake kirana, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Na taɓa tambayarsa ko ba ya jin tsoro a can ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Uwata, ai can ne hutu. In ka kai gaba goma sha biyar, hayaniyar duniya sai ta ɗauke. Sama ta koma kamar faifai. Masu jan ƙasa suna magana kana jin su kamar daga wani gari. Sai tafin ƙafarka ya fara jin sanyi, ƙasa ta fara ƙamshi kamar an yi yayyafi. Daga nan ka sassauta hannu, don ruwa yana da kunya. Kana kallo zai tsattsafo, ɗan kaɗan, ya tsaya yana kallonka." In yana wannan labari idanunsa kan lumshe, ka rantse yana can.

Duk sa'ad da ya shigo Daura sai ya bi ta rijiyar Kusugu ya leƙa, kamar mai gaida babba a sana'a. Ya ce mini, "Kowa labarin macijin yake bayarwa. Ni wanda ya shiga ya haƙa ta nake son sani. Ba wanda ya riƙe sunansa."

Garinmu ba rana ɗaya ya watse ba. Ruwa ne ya yi ta yin ƙasa shekara bayan shekara. Baffa ya ƙara wa babbar rijiya zurfi sau uku, a na huɗu gefenta ya rufta, Allah ya sa ba kowa a ciki. Daga nan mata suka koma tafiyar rabin yini da jakuna neman ruwa. Ba uban da ke son ba da 'yarsa aure garin da za ta tsufa a hanyar ruwa. Samari suka tafi ci-rani ba su dawo ba, wasu Kano, wasu Kongolam wajen lodin kaya. Maƙeri ya tashi, mahauci ya tashi. Makarantar firamare ta koma wajen kwanan awaki. Mahaifina ma ya kwashe mu zuwa Daura, a shekarar da shanun Fulani suka shiga gonarsa suka cinye gero ana saura kwanaki a yanka. Wannan abu bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Baffa ya ƙi tashi. Duk wanda zai tafi sai ya ce masa, "Bar mini gidan, zan duba maka." Da bazara ya kwaɓa ƙasa ya bi bango yana toshe tsaga, ya sauya azarar da gara ta ci. Kowace safiya bayan ya fito masallaci sai ya zagaya garin, ya tsaya a ƙofar kowane gida ya yi sallama. "Salamu alaikum, gidan Maƙeri. Salamu alaikum, gidan Liman." Ya ɗan jira kamar za a amsa, sa'an nan ya wuce. Gwaggo takan ce, "Yaya, mutane za su ce ka taɓu." Ya ce, "Waɗanne mutanen?"

Yana da mafarki guda da ke yawan zo masa, kuma yakan ba da shi kamar labarin da ya gani a hanya. Wai ya fito ya tarar da garin cike, ana daka a kowane gida, hayaƙi na tashi. Waɗanda suka mutu da waɗanda suka tafi da waɗanda bai sani ba duk suna layi da tuluna, ba mai faɗa da wani. Yana ta neman inda suke ɗibar ruwan, amma duk sa'ad da ya kusa gaban layin sai ya farka.

A shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, wata rana ya ji a rediyo cewa gwamnati ta fito da tsarin taimaka wa ƙauyuka da ƙananan ayyuka: rijiyar burtsatse, kwalbati, ɗakin shan magani. Gari ya zaɓi abin da yake so, ya kafa kwamiti, ya ba da nasa ƙarfin, gwamnati ta ɗauki sauran. Washegari sai ga shi a ƙofar gidana a Daura, an goyo shi a babur, rigarsa ta Juma'a duk ta yamutse.

Ya ce, "Uwata, ɗauko takarda. Yau ke ce dagina."

Na rubuta, ya dangwala yatsa. Na raka shi ofishin da ke karɓar takardun. Jami'in da muka tarar mutum ne mai ladabi, ya ba shi kujera, ya karanta takardar har ƙarshe.

Ya ce, "Baba, gida nawa ne a garin naku?"

"Da mutane a ciki ko da rufi a kai?"

"Da mutane."

"Tara."

Jami'in ya ajiye biro. Ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Garuruwa da yawa ne ke nema, abin kuma ba shi da yawa. Gwamnati inda mutane suke take kai ruwa."

Baffa ya ce, "Gaskiya ne, ɗana. Su kuma mutane inda ruwa yake suke zuwa. To, tsakanin ku da su wa zai fara tasowa?"

Jami'in ya yi murmushi, ya ce a bar takardar. Baffa ya koma ofishin nan ban san sau nawa ba. Ba ya roƙo, ba ya faɗa. Ya zauna a benci ya gaisa da kowa, ya tambayi lafiyar takardarsa kamar wani majinyaci da aka kwantar, a ce tana nan, ya ce madalla, ya tafi. Har ma'aikatan suka saba, in an kwana biyu bai zo ba su aiko a tambaye ni ko lafiya.

Mahaifina ne ya kawo shawarar da ta zama sanadin faɗansu. A tsakar gidana aka yi, bayan la'asar, ina tankaɗe ina jin su.

Ya ce, "Yaya, abin nan ba wuya. A rubuta sunayen duk waɗanda suka tashi. Gidajensu na nan, kai ka riƙe su. In masu dubawa za su zo, mu cika mota biyu mu je mu zauna yini ɗaya. Haka kowa yake yi."

Baffa ya ce, "In an tambaye ni ko a nan suke kwana fa?"

"Ka ce e."

"Yau duk inda ka juya Shari'a ake kira, a masallaci, a rediyo, a bayan mota. Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Amma ruwan nan da shi za a yi alwala, da shi za a wanke gawata. Ba zan saye shi da ƙarya ba."

"To sai ka zauna da ƙishirwarka."

"A'a. Akwai mutanen da ke kwana a ƙasar nan tamu ba mu ƙirga su ba. Rugar Arɗo ta fi mu yawa, kuma sun fi mu shan wuyar ruwa."

Mahaifina ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin ya ɗaga wa yayansa murya ba sai ran nan. Ya ce, "Mutanen da suka raba ni da garin ubana? Su za ka jawo bakin masallacinmu da shanunsu? Wallahi in ka sa sunansu, cire ni daga cikin 'yan'uwanka."

Baffa bai tashi ba. Ya ce, "Ba shanu suka raba ka da gari ba, ƙanena. Da akwai ruwa da ka sake shuka."

Gaskiya ce, amma ba ranar faɗarta ba ce, kuma daga baya Baffa da kansa ya ce mini ya yi kuskure. Mahaifina ya saɓa babbar rigarsa ya fita. Daga ranar ya daina zuwa ƙauye, ko da Salla. In Baffa ya zo Daura ya yi sallama a gidansa, sai a ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin zaure.

Baffa ya tafi ruga shi kaɗai. Abin da ya gudana Arɗo ne ya ba ni labari. Ya ce da suka hango shi sun zaci ƙara ya kawo. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo nono, ya sha, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Arɗo ya ce masa, "Mahaƙi, mun saba a rubuta sunanmu in za a karɓi jangali. Ba mu saba a rubuta don a ba mu wani abu ba. In ruwan ya fito, ba za ku kore mu ba?" Baffa ya ce, "A takardar za a sa kwamin shayar da dabbobi, nesa da gonaki, ta gefen burtali. A kwamiti kuma mutum biyu naku ne. In an kore ku, tare da ni za a kora." Arɗo ya ce sun yi kwana uku suna shawara, matansu ne suka yanke maganar.

Na sake rubuta takarda. Wannan karon da masu dubawa suka zo, suka ga mutane da idonsu, tsofaffin gari a gefe guda, Fulani da sandunansu a gefe guda, kowa na kallon ɗan'uwansa ta wutsiyar ido. Bayan damina biyu aka aiko cewa an amince. Namu rabon aikin shi ne yashi da tsakuwa da gyaran hanyar da mota za ta bi. Amalanken shanun ruga suka yi jigila, tsofaffi suka share hanya da fartanya. Gwaggo da matan ruga suka riƙa dafa wa ma'aikata abinci a murhu ɗaya, kullum suna gardama a kan gishiri.

Sai injiniya ya zo da na'urarsa. Ya shimfiɗa wayoyi a ƙasa, ya kafa ƙarafa, ya yi ta rubutu. Da ya gama ya nuna wani faƙo a yamma da gari, inda ko tumfafiya ba ta fitowa, ya ce nan za a haƙa. Baffa ya girgiza kai.

Ya ce, "Yaro, nan ba ruwa. Ubana ya gwada, ni na gwada. Dutse ne. Ruwa yana can gindin kanya."

Injiniya ya ce, "Baba, na gindin kanya na sama ne, shi ne wanda ke ƙafe muku. Wanda nake nema yana ƙarƙashin dutsen."

"Ƙarƙashin dutse sai dutse."

Aka taru ana kallo. Mutanen gari duk bayan Baffa suke, don ba a taɓa jin maganarsa ta tashi a banza ba. Dama ɗaya gare mu, in aka haƙa ba ruwa ba wanda zai sake turo mana mota. Baffa ya ce a gaban kowa, "In ruwa ya fito a faƙon nan, ban taɓa sanin ƙasa ba." Injiniya ya sunkuyar da kai, ya ce aikinsa ne, shi zai ɗauki laifin. Aka kafa injin.

Kwana biyu injin na ruri, ba abin da ke fita sai farin garin dutse. Baffa na zaune a inuwar amalanke, ko abinci bai ci ba. Na san abin da ke ransa. In ya yi gaskiya gari ya mutu, in bai yi ba sunansa ya faɗi. Na ji shi yana cewa a hankali, "Allah ka kunyata ni."

Rana ta uku da hantsi ƙarar injin ta sauya. Garin dutse ya koma taɓo, taɓo ya koma jan ruwa, sai kawai abu ya yi tsiri sama ya fi tsamiya, rana ta ratsa shi, ya dawo a kanmu kamar ruwan sama a tsakiyar rani. Mata suka rangaɗa guɗa. Shanun da ke can burtali suka ɗago kai gaba ɗaya. Baffa ya tashi ya shiga cikin feshin da rigarsa, ya tara hannu biyu, ya jira ya ɗan washe, ya kurɓa. Ya daɗe da shi a baki.

Ya ce, "Ban san wannan ba. Shekara hamsin ina tafiya a kansa, bai taɓa yi mini magana ba."

Ya juya wajen injiniya, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ɗana, na ƙaryata ka a gaban jama'a, a gaban jama'a nake neman gafararka." Ya aika Gwaggo ta ɗauko dagin da ya gada wajen kakanmu, ya miƙa masa. Injiniya ya ƙi karɓa, Baffa ya ce, "Karɓi. Sana'ar ta koma hannunku. Ka dai riƙa cire takalmi wani lokaci."

Ba zan ce garin ya cika ba, don bai cika ba. Gida uku suka dawo a shekarar farko, daga baya aka ƙara biyu. Fulani suka daina yin nisa da rani, 'yan matansu suka fara kawo fura gindin tsamiya, masu babura suka fara tsayawa. Aka kori awaki daga aji ɗaya, aka turo malami. An yi saɓani a bakin kwami ba sau ɗaya ba, kwamiti ya zauna ya raba. Baffa ya sa aka koya wa mutum biyu gyaran famfon, ɗaya na gari ɗaya na ruga, ya ce kada ranar da ya lalace a ce sai an jira gwamnati.

Mahaifina bai zo ba. Na kai masa ruwan a jarka, ya ce in ajiye. Ban ga ya sha ba, amma mahaifiyata ta ce jarkar ba ta kwana uku ba.

Shekaru suka wuce, idanun Baffa suka yi hazo har suka rufe. Ya daina zagayen safe. Sai ya sa aka kafa masa 'yar rumfa kusa da famfon, famfon tuƙa-tuƙa ne, can yake wuni a kan buzu. Ya san kowa da bugun hannunsa. Kafin mutum ya yi sallama zai ce, "Matar malam, yau kin makara," ko "'Yar Arɗo, sassauta, ba faɗa kuke yi da shi ba." Tsakanin masu ɗiba kuma ya jingina da ginshiƙi, fuskarsa na kallon sama, ba barci ba, ba farke ba. In na tambaye shi me yake ji, ya ce yana jin yadda ruwan ke tahowa daga nesa, yana hawowa a hankali cikin duhu, kamar baƙon da bai san gari ba.

Daminar da ta wuce jikinsa ya yi rauni. Na je na gaya wa mahaifina, ban roƙe shi komai ba, na ce dai Baffa ya daina cin tuwo. Ranar Juma'a da safe ina shirin tafiya ƙauye sai na gan shi a ƙofar gida da 'yar jakarsa.

Da muka sauka bai nufi rumfar ba. Ya tsaya yana kallon famfon, da kwamin can nesa, da shanun da ke sha. Wata yarinyar ruga na tsaye da tulu tana jiran layi. Sai ya naɗe hannun riga, ya karɓi tulun ya ajiye a bakin famfo, ya kama ƙarfen ya fara bugawa. Bai iya ba, yana yi yana tsayawa.

Baffa ya ɗago kai daga ginshiƙi. Ya saurara. Ya ce, "Wannan hannun baƙo ne." Ya ƙara saurarawa. "A'a. Mai yin abu da fushi ya tsaya a tsakiya ya huta, tun yana yaro haka yake jan guga. Ƙanena, kai ne?"

Mahaifina bai saki ƙarfen ba sai da tulun ya cika. Ya taimaka wa yarinyar ta ɗauka. Sa'an nan ya zo ya durƙusa a bakin buzun, mutum mai furfura, ya ce, "Yaya, ni ne."

"Ka sha?"

"Ban sha ba."

"To je ka sha, ka zo ka gaya mini ko ya kai na gindin kanya daɗi. Ni har yau ban yanke hukunci ba."

Ya je ya tara hannu ya sha. Ya dawo ya ce, "Bai kai ba." Baffa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Na sani. Amma kada ka gaya wa injiniya." Ya laluba ya kama hannunsa ya ce, "Maganar da na faɗa maka a gidan Uwata, ka yafe mini." Mahaifina ya yi ta gyaɗa kai, ya manta yayansa ba ya gani. Ni na ce, "Baffa, ya yafe."

Mahaifina bai koma Daura ba. Ya ce zai kwana biyu, kwana biyu suka zama wata uku. Shi yake tallabo Baffa zuwa rumfa da safe, shi yake mai da shi da yamma. Suna zaune suna lissafa mutanen da suka sani tun suna yara, wane ya mutu, wane yana Kano, su yi gardama a kan shekarar da aka yi fara. Ranar Larabar, Baffa ya ce a jiƙa masa fuska. Mahaifina ya je ya bugo ruwa a moɗa, ya dawo ya shafa masa a goshi. Baffa ya ce, "Madalla, da sanyi," ya yi kalmar shahada. A cinyar ƙanensa ya cika.

Bayan addu'ar bakwai na ce wa mahaifina ya shirya mu koma gida. Ya ce in tafi, in turo masa mahaifiyata da sauran kayansa. Zai shuka gonarsa baɗi.

Ya Allah, bawanka ya shayar da mutane da dabbobi tsawon ransa, ya ƙi ƙarya a lokacin da ƙarya ta fi sauƙi. Ka gafarta masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya shi, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.